Yauƙin Ƙwaryar Inna

Daren Talata, Roni

Barci ya ƙi zuwa. 'Yata Ummi na kwance a gefena, zawon ya ɗan lafa, amma jikinta zafi rau, leɓenta a bushe.

Maganar malamar asibitin Kazaure ce ke ta yawo a kaina. Ta ce ƙwayar cutar nan tana da wasu 'yan gashi a jikinta, da su take maƙale wa hanjin yaro kamar ƙarangiya a zane. In kuma ta samu tsaga a kwano, sai ta lulluɓe kanta da yauƙi, ɗauraya ba ta fitar da ita. Sai ta tambaye ni, "A me kuke ba ta nono?"

A ƙwaryar Inna ne, uwar mijina. Ƙwaryar ta fashe tun tuni aka ɗinke ta, kuma ba a sa mata sabulu, wai yana ɓata kindirmo. Da muka dawo na sa yatsa a ɗinkin. Santsi, wallahi!

Na durƙusa na ce, "Inna, ko a sake wa Ummi kwano?"

Ta ce, "'Yar nan, a cikinta ubanta ya sha, ga shi nan garau."

Ban tabbata ƙwaryar ce ba, malamar ma ba ta rantse ba. Amma gobe da sassafe Inna za ta shigo da ita cike da nono, tana kiran jikarta. Ni kuwa tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ce mata a'a ba.