Nonon da Na Zubar da Hannuna

Daga: Malamar aji huɗu, mai katin ɗakin masu asma
Zuwa ga: Mai Girma Babban Likita, Asibitin Unguwa
Ranar 17 ga Maris, 2025

Game da: Rashin bayani ga masu shayarwa a tagar karɓar magani

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman izinin gabatar da ƙorafi a kan tagar maganinku. Na san rabin laifin nawa ne, kuma zan faɗe shi da bakina.

1. Ranar Litinin, 3 ga Maris, asma ta tashi mini, likita ya rubuta mini ƙwayoyin sitiroyid na kwana goma. A taga, mai ba da magani ya ja layi a bayan ambulan, ya turo ta ƙarƙashin gilashi, ya kira na gaba. Bai ɗago kai ba, balle ya ga ɗiyata 'yar wata huɗu a bayana. Ni kuma, mai koya wa yara kullum cewa matambayi ba ya ɓata, na ja bakina na yi shiru don kada 'yan layi su ce na cika iyayi.

2. A gida na ɗauko tabarau na karanta takardar bayanin da ke cikin ambulan ɗin, na ga an ce mai shayarwa ta tuntuɓi likita. Sai na tuntuɓi kaina, tunda ina da takardar shaidar malanta. Na yanke hukuncin cewa nonona ya zama guba. Kwana huɗu ina tatsa ina zubarwa a wurin wanke-wanke, yarinya tana ture bulumboti tana kallona kamar na ci amanarta. Surukata ta ce a koma asibiti a tambaya. Na yi mata bayanin kimiyya har ta haƙura.

3. Ranar Juma'a, 7 ga wata, kukan ya fi ƙarfina, sai na juya hukuncin: na mayar da ita nono, na jefa maganin a bayan kabad. Ranar Litinin, 10 ga wata, ina tsaka da koyar da darasin numfashi, sai nawa numfashin ya sarƙe. Masinjan makaranta da shugabarmu ne suka kawo ni ɗakin gaggawa, da alli a hannuna.

4. A can wata nas ta tambaye ni ko ina shayarwa. Cikin minti ɗaya ta bayyana mini, likita kuma ya tabbatar, cewa a adadin da aka ba ni zan iya shan maganin in ci gaba da shayarwa, kuma ba a yanke shan maganin sai da sanin likita. Na yi dariya don kunya, daga baya na yi kuka sosai. Ranka ya daɗe, minti ɗayan nan nake ƙorafi a kai, domin a taga ya kamata in same shi.

Saboda haka ina roƙo da girmamawa a umarci masu tagar su riƙa tambayar kowace mace ko tana shayarwa, a kuma liƙa sanarwa a wurin. Idan babu mai rubutawa, zan rubuta da kaina, don ko ba komai ina da kyawun rubutu. Ba na neman a hukunta kowa, layin yana da tsawo, na gani.

Numfashina ya dawo, alhamdulillahi, amma nonon bai gama dawowa ba. A awon wannan mako yarinyar ta ragu, an rubuta a katinta da jan biro. Shekara tara ina yi wa 'ya'yan mutane jan biro, ban san zafinsa ba sai ranar. Ina roƙon kada wata uwa ta bar tagar nan da shiru irin nawa.

Allah Ya ƙara girma. Na gode da haƙurin karantawa.

Taku cikin ladabi,
Malamar aji huɗu
(sa hannu)