Gwiwar Ƙanenki da Sabon Mai Horar da Ekip

Yamai, 9 ga Afrilu, 1985

Zuwa ga Yaya Halimatou,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da duk mutanen Maraɗi. Allah ya kawo mana sauƙin wannan fari. Mu nan lafiya lau, sai dai kogi ya janye har ana taka shi da ƙafa wajen Tondibiya.

Yaya, tsoro ne ya sa na rubuto, a kan ƙanenki. Kumandan da ke shugabancin ekip ɗinsu na ƙwallo ya sallami mai horar da su, tsoho Abdulaye, wanda ya rene su shekara tara, ya kawo wani baƙo da ya yi alkawarin kofi bana. Da farko murna na yi. Kin san ni da littattafan labarai, har na riƙa hango an ɗauko ƙanenki a kafaɗa zuwa ƙofar gidanmu a Maurai.

Baƙon nan bai san baɗi ba. Ya kori matasan da Abdulaye ke shiryawa, ya ce ba shi da lokacin reno, don haka babu mai canjin kowa. Gwiwar ƙanenki ta dama ta kumbura tun wata biyu, filin kuwa ya bushe kamar dutse. Kafin kowane wasa sai a yi masa allura ya shiga. Likita ya ce in bai huta ba ƙafar za ta sandare. Da ita yake taka keken ɗinki, Yaya. Jiya na iske shi yana juya keken da hannu, ya ce wai gyara yake. A kasuwar Pati Marshe na ji cewa ekip biyu mutumin ya bari a baya, kowace ya ci mata kofi ya tafi, har yau ba su tashi ba.

Na roƙi ƙanenki ya bari, ya ce wa zai ce wa soja a'a a wannan zamani? Amma ke kika goye shi, bai taɓa ƙin kiranki ba, kuma ko kumandan ba ya hana mutum amsa kiran gida. Wasan ƙarshe ranar 21 ne. Don Allah ki bugo masa talgaram ki ce ya zo, ba sai kin faɗi dalili ba.

A gaida Inna Kadi da Malam Harouna. Kada ƙanenki ya ji daga ni ne.

Taki ƙanwa,
Aïchatou