Yaji Kafin Ruwa Ya Rufe Hanya

Guri, Yuli 1957

Zuwa ga Yayana Shu'ibu,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fatan kana lafiya, kai da matarka Asabe da yara. Na iso hutu gidan Yaya Kulu lafiya.

Yaya, ka gafarce ni, zan rubuta abin da bakina ba zai iya faɗa a gabanka ba. Yaya Kulu na da juna biyu, cikin kuwa ya tsufa. Ka tuna a na fari sai da aka yi mata aiki a asibitin Haɗejiya, aka ciro ɗan ba rai. Ranar sallama malamar asibiti ta ce na gaba kada ta yarda naƙuda ta same ta a gida, don ɗinkin ciki yana iya ɓarkewa.

Na yi wa surukarta, Inna Kolo, bayani kaina a sunkuye. Ta ce ba a yi wa abin da ke ciki tanadi, shisshigi ne ga Allah. Ta lissafo matan garin nan da aka yi wa aiki, yawancinsu ba su dawo ba. Gaskiya ne. Amma kowaccensu sai da ta galabaita a ɗaki, jini ya ƙare, kafin a sa ta a kwalekwale. Wuƙa ta same su a bakin mutuwa, aka ce ita ta kashe su, aka ƙara jin tsoron kai na baya da wuri. Ban samu na faɗa mata wannan ba. Ta tambaye ni ko a makarantar Kano ake koya wa budurwa zancen haihuwa, matan gida suka kwashe da dariya.

Mijin Yaya Kulu, Fannami, mutumin kirki ne, sai dai ba ya tsallake maganar uwarsa. Ruwa kuwa ya fara cika fadama.

Ƙanwarka,
Yelwa

Guri, Agusta 1957

Yayana Shu'ibu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, amsarka ta iso. Ka ce ba ka da ikon ɗauko matar wani daga ɗakinta. Na gane, amma raina ya ɓaci.

Tafiya ɗaya ce matar aure ke yi ba da izini ba, ita ce yaji. Tun rasuwar Baba kuwa gidanka ne gidanmu, ga shi a Haɗejiya kusa da asibitin. Na shawo kan Yaya Kulu da ƙyar, matsalar ita ce ba ta da abin fushi. Ta ƙi yi wa Fannami tuwo, ya gasa kifi ya kawo mata. Ta ce komarsa ta kamun kifi ta cika tsakar gida da ƙarni, ya ba ta haƙuri ya kwashe. Har kuka na yi don takaici. Jiya dai ta daure, a gaban abokansa masunta ta ce ta gaji da zaman gidan da miji ba ya da baki sai na uwarsa. Ya tashi ya fita.

Gobe za mu bi motar masu kifi, an ce ita ce ta ƙarshe kafin hanya ta nutse. Don Allah kada ka mayar da ita, ko wa ya zo biko.

Taka,
Yelwa

Kano, Satumba 1957

Yayana Shu'ibu,

Ina gaishe ka, ina gaida Asabe da ɗawainiya, Allah ya saka. Na ga takardarka, na yi ta hamdala. An yi aikin a natse, uwa lafiya, 'ya lafiya. Allah ya raya.

Sauran labarin ne ya hana ni karatu. Wai Inna Kolo ta ce Kulu ba misali ba ce, tunda da ƙafarta ta shiga asibitin. To, ai abin da nake ta faɗa ke nan! Sannan ka ce Fannami bai zo ba, rago kawai ya aiko a jirgin wani, aka raɗa suna babu shi. Ka ce Yaya Kulu ba ta son a ambace ni, kullum idonta na kan ƙofa.

Yaya, ni ba zan iya rubuta wa mijin yayata ba. Kai namiji ne, ka shiga jirgi ka same shi a bakin ruwa, ba a gida ba. Ka gaya masa maganar da ta yi a gaban abokansa ni na sa a bakinta, ka kuma gaya masa abin da malamar asibiti ta ce, wanda ba a taɓa bari ya ji ba. In zai yi fushi, ga ni.

Ita kuwa kada ka matsa mata ta yafe mini. Ta yi ta jin haushina, tunda tana da ran da za ta ji shi.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Yelwa