Tukwanen Gwaggo Dela da Teburan Martina

Kazaure,
Laraba, farkon damina, 1976.

Zuwa ga Batulu, sanyin idona, inuwar tsamiyata a tsakar rana, ruwan farko da ya sauka a busasshiyar gonata. Wadda sunanta ya fi zuma zaƙi a bakina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya a Roni, ke da mutanen gidan kawunki. Ni dai lafiyata ta jiki ce kawai. Ina zuwa ofishin gona, ina zama, ina tashi, a yi mini magana in amsa da abin da ba a tambaye ni ba. Tun da aka kai ki can aka ce ki huta har magana ta lafa, duwatsun Kazaure sun zame mini kamar an tattaro su an jibge a ƙirjina. Wayyo Batulu! Ashe gari yana iya cika da mutane ya zama kango saboda rashin mutum ɗaya?

Kin tuna bikin Priscilla, ƙawarki da kuke koyarwa tare a firamare, ranar da ta auri Julius? Kin tuna yadda suka kama gidan abincin Martina na bakin tafki gaba ɗayansa, aka shimfiɗa fararen ƙyallaye a teburori, fanka tana juyawa a sama, rekoda tana kiɗa a hankali? Kina sanye da atamfa mai ruwan ganye, kina riƙe da lemon kwalba da hannu biyu saboda sanyinsa, idonki bai bar amarya da ango ba, suna zaune kafaɗa da kafaɗa a gaban jama'a ba wanda ya ce musu kanzil. Sai kika sunkuyo ta bayan mayafinki, a teburin nan na bakin taga, kika ce, “Halliru, ina ma namu a nan za a yi.” Ke kin faɗa kin wuce kamar iska. Ni kuwa, wawanki, na ɗauka umarni ne daga sama.

Ana sa mana rana na garzaya wurin Martina. Kai, na sha shiri! Na zaɓi shinkafa dafa-duka da kaji. Na sa ta yi alkawarin Sama'ilu mahauci ne zai yi yankan, kada wani dattijo ya ɗaga hanci. Na ce a raba wurin da labule, mata nan, maza can, a bar mu mu biyu a bakin taga inda za ki ga ruwa. Har furen roba na yo saƙo daga Kano, ki ji fa, ni da ko tsintsiya ban taɓa saya ba. Na tuna da kujeru, na tuna da cokula, na tuna da mai ɗaukar hoto. Mutum ɗaya kaɗai ban tuna da ita ba, ita ce kuwa Gwaggo Dela, wadda ta goye ki tun kina jaririya, wadda Allah bai ba ta haihuwa ba sai ya ba ta ke.

Na shiga gidanku da fara'ata, na durƙusa gaban Baba na zayyana masa komai, ina jiran a sa mini albarka. Sai ya ce in shiga ciki in faɗa wa ƙanwarsa da bakina. Na tarar da ita a tsakar gida tana shanya daddawar da ta yi domin bikinki, ga itace an tara ya kai katanga, ga manyan tukwane an jera. Da na gama, sai ta ce: “Ɗan nan, ba gidan bikin da ban taka da muciyata ba, daga nan har Gwiwa. Na tuƙa wa 'ya'yan mutane tuwo har hayaƙi ya ci mini ido, don ranar Batulu su ma su zo su tuƙa mini. Yau ka ce wata can ce za ta ciyar da baƙina, ni kuma in zauna a kujera a miƙo mini cokali?”

Batulu, hasken raina, ba irin haƙurin da ban ba ta ba. Na ce ta zo ta yi girkin da kanta a can. Ta ce ba ta hura wuta a murhun wata. Na ce to na fasa gidan abincin ɗungurungum, a yi komai a gida yadda aka saba. Ta ce zance ya riga ya zaga unguwa, matan da ta yi wa hidima suna ta raɗa cewa surukin boko yana ƙyamar tuwonta. Ta ce wanda ya raina tukunyar uwa tun kafin aure, me zai yi wa 'yar ranar da gishiri ya zarce mata a miya?

Amma akwai abin da ba ki sani ba, shi ne kuma ya sa na ɗauki alƙalami. Da na miƙe zan fita, ta kira ni. Ta ce: “Tsakaninka da Allah, kai ka ƙirƙiro wannan abu, ko yarinyar ce ta roƙe ka? In ita ce, ba ka da laifi, a ɗaura aurenku. Ni dai sai in san ban goyi kowa ba a duniya.” Na dubi idanun nan nata da hayaƙi ya jajanta. Aurenmu yana kan harshena, Batulu, kalma ɗaya ta isa! Sai na ce mata, “Ni ne, Gwaggo. Ita ko sani ba ta yi ba.” Ba a yi kwana biyu ba Baba ya aiko mini da fantimotin lefe, ko makullinsa ba a taɓa ba.

To me zan roƙe ki yanzu, kurciyata? Zuciyata tana ta ihu in ce ki tashi ki faɗi gaskiya, mu samu juna. Amma wane irin aure ne za a gina shi a kan karayar zuciyar tsohuwar da ta tauna abinci ta sa miki a baki? Ta yaya za ki ji daɗin ɗakina kina sane tana can ta ɗauka kin ji kunyarta? Na san ki. Za ki bushe a hannuna kamar shukar da aka tuge da saiwarta, ni kuma in zauna ina kallo. A'a, Batulu. Kada ki faɗa. Ina roƙon ki da girman son da nake miki, ko ta ritsa ki, ko ta haɗa ki da Allah, ki yi kuka kawai ki bar ni da laifina. Ai ba laifi kika yi ba. Yarinya ce ta ga farin ƙyalle da fanka ta yi sha'awa.

Duk Juma'a ina zuwa gaishe da Gwaggo. Tana amsawa a taƙaice, ta sa a kawo mini ruwa, amma ko ƙanzo ba ta taɓa miƙo mini ba. Na ce wa kaina ranar da ta turo mini kwanon tuwo, wataƙila akwai sauran magana. Ba na jin ranar tana tafe. Wancan makon na ga an kife tukwanen, itacen bikinki kuma yana shan ruwan sama ba wanda ya rufe shi.

Martina ta tambaye ni ko ta ba wasu ranar. Na ce ta ba su, ta sallami Sama'ilu, ta kwance labulen, ta raba wa yara furen robar. Teburin bakin taga kaɗai na ce ta bar mini, da kujeru biyu. Ta dube ni ta kawar da kai. Ranar zan zo da farar rigar da na ɗinka, in zauna in kalli tafki har la'asar ta yi sanyi.

In an ba ki wani, ki yarda a yi bikin a tsakar gidanku. Ki bari ta hura wutarta, matan Gwiwa su cika gidan da guɗa, ta tuƙa tuwon da ta yi shekaru tana jira, ki ci ki ƙoshi. Ni ba zan so wata ba har ƙasa ta rufe idona, kuma duk wanda ya tambaye ni, yau ko bayan furfura ta cika kaina, amsar da na ba Gwaggo ita zai ji.

Naki a samu da rashi, mai riƙe miki amana har kabari,
Halliru.