Leda Shida Babu Suna

Kamisawa, 4 ga Yuni

Yaya Tetsuzo,

Gaisuwa mai yawa. Damina ta kankama, ina fata gwiwarka ba ta tashi ba. Ka gaishe mini da matarka, Yaya Chizuko.

Abin dariya ne in rubuta wasiƙa ga mutumin da gida biyar ne tsakanina da shi, amma ya zan yi? Waya ka ce ba ka riƙewa don ana bin sawun mutum da ita. Ƙofa kuma na buga sau uku, labule kawai na ga ya motsa.

Ka san bana ni ce shugabar layinmu. Ba nema na yi ba, zagayowa ta yi kaina. Tun watan Afrilu majalisar gari ta ce kowa ya rubuta sunansa a jikin ledar shara, kuma kada a lulluɓe cikinta da jarida, don masu kwasa su ga an ware kaya daidai. Gida goma sha huɗu ne a layin, sha uku sun bi. Taka ce, ba suna kuma a lulluɓe da jarida, kullum ake bari a rumfar shara da takardar gargaɗi mai ruwan ɗorawa a manne, ni kuma in ɗauko in kawo maka ƙofa kamar 'yar aike. Jiya maƙwabciyarmu, matar Nagumo, ta tare ni, bakinta har kunne, wai, "Sumie, ashe a gidanku ba a koyi rubutu ba?"

Allon sanarwa ma da ake miƙawa gida gida ya dawo, gurbinka ne kaɗai babu hatimi. Sunanka harafi nawa ne, Yaya? Ka rubuta mu huta.

Tun bikin sabuwar shekara ba wanda ya ga Yaya Chizuko. Ɗalibanta na koyon haɗa shayi suna ta tambayata yaushe Malama za ta koma koyarwa.

Ƙanwarka,
Sumie

6 ga Yuni

Sumie,

Na amsa gaisuwa. Gwiwa lafiya lau, ba ta buƙatar kwamiti.

Ki gaya wa matar Nagumo shekara arba'in da ɗaya na yi ina ɗab'i. Na buga wa masu mulki takardun zaɓe, na buga wa masu adawa, na buga wa wani mahaukaci da yake son a soke majalisar ɗungurungum, ban taɓa tambayar ɗayansu me ya ci da safe ba. Rubutu na iya. Ƙi na yi.

Kin taɓa tsayawa kin kalli abin da ke cikin shararki? Maganin da kike sha yana ciki. Wasiƙar da kika yayyaga tana ciki, da kwalbar da mijinki ya ce bai sha ba. Duk abin da mutum ya rufe ƙofa ya yi, ta nan yake fita. Shi ne kuke so in zuba a leda garai garai, in sa hannu a kai, in ajiye a bakin hanya kowa ya karanta. Ɗan sanda sai ya je wurin alƙali kafin ya buɗe mini akwati, amma Hoshina, don kawai an naɗa shi shugaban ƙungiyar unguwa, da ido zai shiga ɗakin kwanana.

Ban zubar da ƙazanta a gonar kowa ba. Mai ƙonewa daban nake sawa, kwalba daban, gwangwani a wanke. Wa na cutar? Ki kawo mini mutum ɗaya da rashin sunana ya taɓa, in durƙusa masa. In babu, a fita harkata.

Kuma kada ki ce ƙaramin abu ne. Bara kyamara suka kafa a mashigar layi, wai don hankaki mai yaga ledar shara. Hankaki! Bana suna. Na ji kansilan da kuka zaɓa yana cewa baɗi katin lamba zai buɗe rumfar, a riƙa sanin wa ya zo da ƙarfe nawa. Kowane lokaci sai a ce don tsabta ne, ku kuma ku buga hatimi tun ba ku karanta ba, don kada na gaba ya ga gurbinku fayau. Ba ma sai gwamnati ta turo jami'i ba, kun isa ku tsare mata juna kyauta.

Ga takardata nan ta fita daga ƙungiyar. Ba wanda ya tambaye ni ranar da aka sa ni ciki.

Chizuko mura take yi. Ba ta karɓar baƙi.

Yayanki,
Tetsuzo

17 ga Yuni

Yaya,

Ina gaisuwa, duk da ban san ko tana isa ba.

Mura ce wata shida? To, shi ke nan, na ji.

Na kai takardarka. Hoshina ya karanta, ya cire tabarau ya ce, "Madalla. Wanda ba ya cikin ƙungiya ba ya zuba shara a rumfar ƙungiya. Sumie, yayanki ne, ke za ki karɓo mabuɗin." Kowa ya sunkuyar da kai, ni kuwa kamar in nutse. Ba ka ba ni mabuɗin ba, ka ci gaba da kai ledarka. Na daina kawo maka su ƙofa. Yanzu shida ne jere a rumfar, an shiga zafi, warin har gidan su Nagumo.

Kai kana can kana wa'azin 'yanci, ni ce nake shan kallo a kanti. Haka kake tun muna yara. Ranar jana'izar Baba ma sai da ka yi gardama da mai rajistar baƙi. Kullum kai ne mai gaskiya, kullum ni ce mai zagayawa da kwalin alewa ina ba mutane haƙuri. Na gaji, Yaya. Ni ma ina da 'yancin in fita ƙofar gidana ba tare da an yi mini dariya ba, ko naka ne kaɗai ake lissafawa?

Ga abin da aka yanke. Ledar da ba suna, kwamiti zai buɗe ta don a tabbatar da mai ita. Na ce musu ai kowa ya san mai ita, Hoshina ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce. Ranar Lahadi da ƙarfe goma za a shimfiɗa tamfol a gaban zauren unguwa, a zazzage duka shidan a gaban mutum tara. Shugabar layi ce take kwance bakin leda, wato ni. Ka zo ka kwashe kayanka kafin nan, ko ka rubuta suna ka cire jaridar.

Ƙanwarka, ko ka so ko ka ƙi,
Sumie

18 ga Yuni

Sumie,

Gaisuwa.

Na je kwashewa da safe, na tarar Hoshina ya canja kwaɗo. Na ce ya buɗe, ya ce, "Ai kai ba ɗan ƙungiya ba ne, Tetsuzo." Na ce kayana ne. Ya ce, "Naka? Ban ga suna ba."

Ki saurare ni da kyau. Ban taɓa roƙonki komai ba tun da aka haife ki. Kada ki kwance ledar nan. Ki ce ba ki da lafiya, ki ce kin yi tafiya, ki ce duk abin da kika ga dama. Ba zan gaya miki dalili ba, don ba ni ke da ikon faɗa ba, kuma ko babu dalili ba ku da hurumin buɗewa. In hannunki ya taɓa ƙullin nan, ki sani ba ki da ɗan'uwa a layin nan.

Tetsuzo

21 ga Yuni, Asabar

Yaya,

Gaisuwa. Ka yi haƙuri da rubutun.

Na buɗe. Ni kaɗai, yau da safe, da sabon mabuɗin da aka ba shugabar layi. Cewa na yi bari in riga su gani, in kwalaben giya ne ko takardun siyasarka in kwashe, gobe a samu abin da ba zai kunyata ka ba. Na yaye jaridar farko, na ga abin da ke ciki. Ƙunzugun manya ne, a nannaɗe ɗaya bayan ɗaya da kyau, irin naɗin hannunka. Da kwalin maganin shanyewar ɓarin jiki, sunan Yaya Chizuko a kai.

Na zauna a ƙasan rumfar na yi kuka, sannan raina ya ɓaci. Wata shida! Gida biyar tsakaninmu! Matar da ta koya mini ɗaura ɗamarar kimono, rigarmu ta gargajiya, ranar aurena tana kwance, kai kaɗai kake juya ta da wannan gwiwar taka, ka bar ni ina ɗauko sharar ina dire muku a ƙofa da takardar gargaɗi. Me ka mai da ni? Da ka faɗa mini kalma ɗaya, da tuni na san yadda na yi.

Ba za a shimfiɗa tamfol gobe ba. Na cire jaridun duka, na yaga kwalin maganin na sa a aljihuna, na rubuta sunana a jikin leda shidan da manyan baƙaƙe. Na gaya wa Hoshina nawa ne, kunya ce ta hana ni faɗa. Ya yi ja har kunne, ya kasa kallona. Yanzu suna nan jere, kowa na gani, Sumie a kai.

Ka buɗe mini ƙofa.

Sumie

24 ga Yuni

Sumie,

Daga asibiti nake rubutu. Ba sai na ba ki labarin motar asibitin da ta ɗauki Chizuko ba, na gan ki a bakin hanya ranar Lahadi tare da sauran, kowa ya fito da takalmin cikin gida yana leƙe.

Kina so ki san me ya kwantar da ita? Ba ciwon ba ne. Likita ya ce ruwan jikinta ne ya ƙare. Ya harare ni ya ce, "Baba, a wannan zafin ba ka ba ta ruwa?" Ina ba ta. Zubarwa take yi a tukunyar furen da ke gefen gado in na juya baya. Tun ranar da ta hangi leda ta farko a ƙofarmu da takarda mai ruwan ɗorawa ta yi lissafinta: in ta rage sha, ƙunzugu zai ragu, leda za ta ragu, layi zai daina magana. Da ta ji zancen tamfol, sai ta daina gaba ɗaya. Ni da nake taƙamar ba abin da ke wuce ni, furen na ga yana ruɓewa ban gane ba. Wannan laifina ne, zan ɗauka.

Amma naki, ki ɗauki abinki. Kin ce da na faɗa miki. Ranar da muka dawo daga asibiti a watan Janairu ta kama hannuna da hannun da ya rage mata ta ce, "Tetsu, matan layin nan duk a gabana suka koyi durƙuso a ajin shayi. Kada su san ana yi mini tsarki. Har Sumie." Sirrinta ne. Ita ke da ikon ta ba ki ko ta hana ki. Kin kwance leda kin ɗauka da kanki, kina cewa don ki taimake ni. Haka kowannenku yake cewa, daga ke har kansila.

Kada kuma ki ɗauka duk abin da na rubuta miki a baya fakewa ce. Ko da ɓawon lemu ne kaɗai a ledar, ba zan rubuta ba. Sai dai ban so a ce da jikin matata za a tabbatar da maganata ba. Sai mutum ya buɗe cikinsa ya nuna muku dalili kafin ku yarda ku ƙyale shi. To ga dalilin nan a kwance, an sa mata ƙarin ruwa, ba ta buɗe ido ba tukuna.

Sunanki da kika rubuta, na gani. Ban san me zan ce a kai ba. Har yanzu dai suna ne a jikin leda.

Tetsuzo

26 ga Yuni

Yaya,

Ina gaishe ka, ina yi wa Yaya Chizuko fatan sauƙi. Ban zo asibiti ba don ba a kira ni ba. Wannan karon na tsaya a inda aka tsayar da ni.

Jiya da yamma matar Nagumo ta shigo ta ƙofar baya da ƙunshin ƙunzugu a hammata. Ta rage murya ta ce, "Sumie, gwada irin wannan, ba ya yoyo. Shekara biyu ina sawa. A mota nake kaiwa gidan 'yata a wani gari in zubar." Ta ɗauka da gaske nawa ne. Wannan da ta fi kowa tsayawa kai da fata a kan suna!

Yau na mayar wa Hoshina mabuɗin shugabar layi a gaban kwamiti. Na ce ya nemi wata mai kwance leda. Ya ce, "Haba Sumie, in kowa ya yi abin da ya ga dama fa?" Na ce to ya fara zazzage tasa a kan tamfol mu gani. Ba wanda ya goya mini baya, ba kuma wanda ya ɗago kai.

Dokar tana nan, ban iya kayar da ita ba. Ka riƙa ajiye ledarku a bayan katangata ranar Litinin da Alhamis, in sa sunana in kai rumfa. Layi ya riga ya san nawa ne.

Ƙanwarka,
Sumie

28 ga Yuni

Sumie,

Na amsa gaisuwa.

Ta farfaɗo jiya da rana. Abin da ta fara tambaya shi ne ko an kwashe sharar. Na ce an kwashe. Ta ce an buɗe? Na ce kwamiti bai buɗe ba. Sannan ta karɓi kofi ta sha rabi.

Ban gaya mata sunan wa ke jiki ba, ban kuma gaya mata kin gani ba. Kada ki zo sai ta kira ki da bakinta. In ta kira, ki shigo kamar ba ki san komai ba, ki jira ta faɗa miki.

Ledar Litinin tana bayan katangarki.

Yayanki,
Tetsuzo