Reshen Mangwaron Inna

Inna,

Ina gaishe ki kamar yadda na saba kowace safiya. Na san wannan takarda ba za ta kai gare ki ba, amma bakina ya cika da labari, kuma ke na saba kai wa.

Gida lafiya. Ruwa ya sauka da kyau bana. Akuyarki mai taurin kai ta haifi biyu, duka halin uwarsu suka ɗauko.

Bayana ne ya so ya ba ni kunya. Ana gab da dashen shinkafa na duƙa ɗaukar tulu, sai ƙugu ya riƙe, na kasa miƙewa. Kawu Idi ya zo dubiya, ya ce in ban tashi ba kafin iri ya isa cira, zai ba wani aron fadamarki, don ba a barin ƙasa haka nan. Ban ga laifinsa ba. Amma Inna, fadamar da kika ƙare ƙarfinki a duƙe cikinta, in zauna ina kallon baƙo a ciki?

Na je wurin likita a Gaya. Matar da ta duba ni ta ba ni ƙwayoyi kaɗan, ta ce sauran aikin nawa ne: in riƙa miƙa jiki safe da yamma, a hankali, ba sai ciwo ya zo ba. Ta nuna mini yadda ake kwanciya a jawo gwiwa zuwa ƙirji, sannan ta kama saman ƙofa da hannu biyu ta saki nauyinta. Dariya ta kama ni, hawaye suka biyo. Ba abin da kike yi ke nan kullum a reshen mangwaron tsakar gida ba? Muna tsokanarki, wai Inna ta zama jemage, ke ko a jikinki. Wa ya koya miki?

Na dawo na kama reshen. Ya yi mini ƙasa, kin san na fi ki tsawo, sai na lanƙwasa gwiwa. Da farko da ƙyar, daga baya ƙugun ya fara saki. A fadama ma yanzu nakan miƙe in na kai ƙarshen layi, in dafa ƙugu in ɗaga kai sama kamar yadda kike yi. Da can na ɗauka hadari kike dubawa.

Na dasa ta kaf da hannuna, Inna. Kawu ya zo ya zagaya, ya yi mini sannu, bai sake tayar da maganar ba.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Inda kike kamawa, ɓawon reshen ya yi sumul saboda tafinki. Ko bayana ba ya ciwo ina zuwa, don a nan kaɗai hannuna yake sauka a kan naki. Ina kewarki ƙwarai.

Allah ya jiƙan ki, ya shimfiɗa miki inda baya ba ya ciwo.

'Yarki Rabi,
sabon jemagen gidan.