Na Isa Kagoro a Makare

Asabar da dare, 14 ga Nuwamba, 1992

Duk jikina ciwo yake. Tun asuba na hau babur daga Zariya, sai la'asar na hango duwatsun Kagoro. Shekara biyar ina cewa zan zo in gai da Bitrus, abokina da ya ɓoye ni a rumbunsu lokacin rikici. Har kilishi na riƙo masa.

Mamarsa na tarar a tsakar gida tana sheƙar acca. Ta daɗe tana kallona.

"Sani, ɗana, ka yi latti. Bitrus ya tafi wurin Ubangiji watan jiya."

Na zauna a ƙasa.

Ta ce, "Da yana kwance, in ya ji ƙarar mashin a hanya, sai ya ce, 'Mama, leƙa, ko Sani ne.'"